Wata na Goma Sha Uku

A Bahir Dar, a ɗakin bayan asibiti,
inda danshin tafkin Tana ke riga hasken safe shigowa,
aka ajiye ni da kwamfuta
da kujera mai ƙafa uku da rabi.
Aka ce: rumbun bayanan nan ya iya ƙirga wata har sha biyu,
daga nan sai ya toge.
Koya masa sha uku.

Manhajar daga ƙetare ta zo, da tarbiyyar gidansu.
Ka miƙa mata sha biyu, ta karɓa hannu bibbiyu.
Ka miƙa mata Pagume, autan shekararmu,
mai kwana biyar, shida in shekara ta yi gyara,
sai ta murtuke da jan rubutu:
babu wannan wata.

Babu shi?
A cikinsa yara ke fita da gudu su tari ruwan sama da ka,
iyaye na cewa ku jiƙe, na albarka ne.
A cikinsa furen rawaya ke haramar rufe tuddai.

Sista Asnakech, ungozoma,
wadda rabin unguwar nan a tafinta suka fara kuka,
ta kawo mini gahawa a finjali marar mariƙi,
ta dire tsohuwar rajista da bangonta ya sha hannu.
Ta ce, "Mu ma dabara muka yi, ɗana.
Wanda ya faɗo cikin Pagume,
masu aikin rana su tura shi gaba, ɗaya ga Meskerem,
masu aikin dare su ja shi baya, talatin ga Nehase.
Inji ba ya musu da ƙarya
muddin ta shige gurbi."

Dare tara na yi.
Na zare wa kowace rana sunanta, na bar ta lamba tsura,
na jera su kamar tsakiyar wuya,
na raba talatin-talatin,
abin da ya rage a ƙasan ƙwarya
na ce, kai ne Pagume, shigo, ga ɗakinka.
Duk da haka rana guda na zille mini
duk bayan shekara huɗu.

Yeshiwas mai gadi ne ya leƙo, da bargo a kafaɗa.
Bai san allon nan ba, gaɓoɓin yatsunsa ya sani.
Ya ce, "Raba shekarar da huɗu.
In uku ya rage, mai shida ce."
Ni kuwa sifiri nake jira, irin na littafin makaranta.
Harafi ɗaya na sauya.
Ya koma bakin ƙofa bai jira godiya ba.

Da asuba na saki gwaji a kan tsofaffin sunaye.
Duk suka wuce, ban da layi guda:
mace, ba a kai ga raɗa mata suna ba,
haihuwa ɗaya ga Meskerem,
rasuwa talatin ga Nehase da ya gabace shi.
A lissafin inji, ta rayu kwana shida ƙasa da babu.
Ta tafi tun ba ta zo ba.

Na buɗe rajistar takarda.
Shuɗin biro, rubutu a karkace:
ta zo biyu ga Pagume, ta koma biyar.

Asnakech ta gyara tabarau, ta daɗe a kan layin.
"Na tuna ta. Gashi cike da kai.
Har nono ta kama."

Na goge, na rubuta biyu, sha uku.
Na rubuta biyar, sha uku.
Allon bai yi ja ba.
A gurbin shekaru ya sa: kwana uku.

A waje mai bajaj na ta danna ham,
gahawata ta huce tun tuni.
Saura suna ɗari biyu da goma sha ɗaya.
Asnakech ta jawo benci, ta lashi yatsa,
ta juya shafi.